Awon ruwan Kogin Ganga, daga Haridwar zuwa Baranasi

Sana'ata awon ingancin ruwa ce, kuma a wani horo da na samu a arewacin Indiya aka haɗa ni da ayarin masu ɗibar samfurin ruwa a Kogin Ganga, tun daga inda ya baro duwatsu a Haridwar har zuwa Baranasi. Kayan aikin ba su da yawa: kwalabe iri uku, kula cike da ƙanƙara, na'urar auna zafi da oksijin, igiya, sai kwale-kwalen haya. Ma'aunin da muke gwada sakamakonmu da shi na hukumar yaƙi da gurɓatar muhalli ta tarayyar Indiya ne, wanda ta gindaya wa ruwan da jama'a ke wanka a ciki. Oksijin kada ya gaza miligiram 5 a lita. BOD, wato oksijin ɗin da ƙananan halittu ke cinyewa wajen ruɓar da dattin da ke cikin ruwa, kada ya haura miligiram 3 a lita. Ƙwayoyin kolifom na bayan gida kuwa an fi so su tsaya a 500 cikin mililita 100, iyakar abin da ake lamunta 2,500. Wannan duk na wanka ne. Ruwan sha ba a yarda a ga ko ƙwaya ɗaya a cikin mililita 100 ba.

Wanda ya ga hotunan taron masu wanka da furanni da hayaƙin ƙona gawa yakan yanke hukunci nan take cewa masu ibada ne suka ɓata kogin. Kwalba ba haka ta nuna mana ba. Ciwon Ganga biyu ne: ana kwashe ruwansa mai kyau tun daga sama don noma da sha, sannan a mayar masa da ruwan masai na birane a madadinsa. Garuruwa 97 da ke bakin kogin suna fitar da ruwan ƙazanta kusan lita miliyan 3,000 a kullum. Idan aka ɗora furanni da toka kusa da wannan, ba su taka kara sun karya ba.

Duk da haka, wanda bai fahimci matsayin kogin a addinin Hindu ba ba zai iya aiki a bakinsa ba. A wurinsu Ganga abar bauta ce, uwa ce, haka ma suke kiranta. Labarin da suka gada shi ne, 'ya'yan Sarki Sagara su 60,000 sun ƙone sun zama toka saboda fushin wani waliyyinsu mai suna Kapila, sai wani daga zuriyarsa, Bhagiratha, ya yi ta ibada har aka sauko da kogin daga sama don ya ratsa tokar su sami tsira, abin bautarsu Shiva kuma ya tare ƙarfin ruwan da gashin kansa don kada ya farfasa ƙasa. Shi ya sa reshen da ya fito daga ƙanƙarar Gangotri ake ce masa Bhagirathi, kuma sai ya haɗu da Alaknanda a Devprayag sannan ya amsa sunan Ganga. Daga wannan labari kusan komai ya samo asali. Ana wanka don kankare zunubi, ana ɗiga ruwan a bakin mai gargarar mutuwa, ana zuba tokar mamaci a ciki, kuma da wuya ka shiga gidan Hindu ba ka tarar da ɗan tulun tagulla ko jarka mai ruwan Ganga ba. A watan Shravan, tsakanin Yuli da Agusta, miliyoyin mutane ke takowa da ƙafa zuwa Haridwar su ɗebi ruwa su kai wuraren bautar Shiva na garuruwansu. Tun 2016 ma gidan waya na Indiya ke sayar da ruwan a kwalba, wanda aka ɗebo daga Gangotri da Rishikesh.

Ba Hindu kaɗai suka riƙe ruwan da daraja ba. Ibn Battuta ya ba da labarin cewa Sultan Muhammad bin Tughluq yana sa a kai masa ruwan Ganga har Daulatabad, tafiyar kwana 40. Sarki Akbar shi ma ruwan da yake sha ke nan, yana gida ko yana kan hanya, a cikin tuluna masu hatimi.

Amfanin sanin wannan ga mai awo a fili yake. Idan ka ce wa mai kwale-kwale ko malamin da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kogi Ganga ta ƙazantu, magana ta ƙare, don a aƙidarsa tsarkinta ba ya gushewa. Idan kuwa ka ce ana zuba mata ƙazanta kuma kana neman inda take shigowa, shi da kansa zai tuƙa ka har bakin kwatar da babu ita a taswirar hukuma. Musulmi ba zai sha wuyar gane bambancin ba: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba ya halatta a yi alwala da shi, amma wannan hukunci bai ce babu taifot a cikinsa ba. Akwai kuma ladubban da ake kiyayewa. Ana cire takalmi a matakalar ibada da ke gangarawa cikin kogi, ba a ɗaukar hoto a wurin ƙona gawa, ba a kutsa kwalba tsakanin masu addu'a, ba a kuma watsa ragowar sinadarin gwaji a kogi. Jarka daban ake tanadar masa.

A Haridwar ake fara ganin yadda ake raba kogin. Bayan yunwar 1837 zuwa 1838, wani injiniyan Ingila, Proby Cautley, ya tsara babban kanal da zai ɗauki ruwa daga nan zuwa gonakin da ke tsakanin Ganga da kogin Yamuna. An buɗe shi a 1854, kuma kwalejin injiniya ta Roorkee, wadda aka kafa a 1847, don wannan aiki aka fara ta. Yau kanal ɗin yana iya ɗaukar kusan kubik mita 300 a sakan. Abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne, ruwan nan mai sanyi mai gudu da ke wucewa ta Har ki Pauri, matakalar da ta fi kowace tsarki a garin, ruwa ne da madatsar Bhimgoda ta karkato, kuma daga can kanal yake shiga. Asalin gadon kogin yana gabas, kuma da rani za ka tarar da shi duwatsu da 'yan zirin ruwa. Duk wanda ya ɗebi samfur a Har ki Pauri ya rubuta cewa ya auna kogin da ke gangarawa Kanpur, ruwan kanal ya auna.

Tun wancan zamani malaman Hindu ke jayayya a kan ɗaure kogin. A 1916, ƙarƙashin jagorancin Madan Mohan Malaviya, aka yi yarjejeniya da gwamnatin mulkin mallaka cewa za a bar ruwa kimanin kubik mita 28 a sakan ya riƙa wucewa ba tare da shamaki ba. Hujjarsu ta addini ce, cewa kogin da aka tsare ya rasa albarkarsa. Ni a ganina, a nan buƙatar mai ibada da ta injiniya suka zama ɗaya, don kogin da ba shi da gudu ba ya iya narkar da datti, ba ya kuma shaƙar iska. Sai da aka shekara fiye da 100 kafin gwamnati ta sa wannan a doka. A watan Oktoba na 2018 aka fitar da ƙa'idar cewa dole madatsar Bhimgoda ta saki aƙalla kubik mita 36 a sakan da rani, 57 da damina, madatsun Bijnor da Narora da Kanpur kuma 24 da rani, 48 da damina. A ranar 11 ga wannan wata Farfesa G. D. Agarwal, tsohon malamin injiniyan muhalli da ya koma rayuwar zuhudu, ya rasu bayan kwana 111 yana ƙauracewa abinci a kan a bar kogin ya gudana. Ku gwada 36 ɗin da 300 da kanal ke iya ɗauka, za ku ga abin da ya rage. Daga nan kuma Bijnor ta ɗiba, Narora ta sake ɗiba don nata kanal ɗin.

Ruwan da aka ɗiba ba asara yake tafiya ba, kuma wannan ne ya sa maganar ke da wuya. Rake da alkama da shinkafar yammacin jihar Uttar Pradesh da shi suke rayuwa. Madatsar Tehri, mai tsayin mita 260.5 a kan Bhagirathi, tana ware wa Delhi kimanin kubik mita 8.5 a sakan, wanda ke bin kanal zuwa Muradnagar, daga nan bututu ya kai shi matatar Sonia Vihar mai tace lita miliyan 635 a rana. Agra, da ke bakin Yamuna, ruwan kogin nata ya lalace har aka ja mata bututu na kimanin kilomita 130 don ta sha Ganga. Duk shekara wajen Oktoba ana rufe kanal ɗin 'yan makonni don yashe laka, sai ka ga famfunan biranen Ghaziabad da Noida sun koma ruwan rijiyar burtsatse, Har ki Pauri kuma ta ƙafe har yara na tsintar kuɗin da masu ibada suka jefa.

Haridwar ita kanta dabarar da take shan ruwa da ita ta burge ni. Manyan rijiyoyi aka haƙa, masu faɗin kusan mita 10, 'yan mitoci daga bakin kogi da kanal. Idan aka kunna famfo, ruwa ya ratso ta yashi da tsakuwa kafin ya iso rijiya, laka da yawancin ƙwayoyin cuta su maƙale a hanya, sai a sa kulorin kawai a tura gari. Ba alam, ba tankin kwantar da laka. Inda dabarar ke cin amana shi ne lokacin ambaliya, idan ruwan kogi ya malalo ta saman rijiya ko ta tsagar bangonta, da kuma inda masai na unguwa ke kusa ta ɓangaren tudu. Don haka murfi da dakalin siminti a kewayen rijiyar sun fi famfon kansa muhimmanci.

Yanzu ga yadda ake ɗibar samfur, don a nan yawancin lambobin da ake yaɗawa ke karkacewa. Ba a ɗiba daga matakala kaɗai. A kowace tasha ana ɗiba kusa da gaɓar gari, da tsakiya, da kusa da ɗaya gaɓar, saboda ruwan kwata idan ya shiga babban kogi ba ya gauraya nan da nan. Yakan bi gaɓar da ya shigo ta ita kilomitoci da dama kamar baƙin zare. Mai son ya wanke hukuma sai ya ɗebi tsakiya, mai son tayar da hankali ya ɗebi bakin kwata, kuma kowannensu bai yi ƙarya a kan kwalbarsa ba. A kashe injin kwale-kwale, a tsaya a goshinsa, a nitsar da kwalba kamar santimita 30 ƙarƙashin ruwa bakinta na fuskantar inda ruwa ke zuwa. Kwalbar ƙwayoyin cuta dafaffiya ce, ba a ɗauraye ta, ba a taɓa cikin murfinta, kuma ana barin ɗan sarari a samanta don a iya girgizawa. Ta shiga ƙanƙara nan take, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Idan ruwan da aka sa wa kulorin ne, kamar na famfo ko wanda ke fita daga matatar ruwan masai, dole a ɗiga sodiyam tayosalfet a kwalbar tun kafin a dafa ta. In ba haka ba kulorin zai ci gaba da kisa a cikin kula, sakamako ya fito fes alhali ba haka ruwan yake ba.

Kwalbar oksijin akasin haka take. Ta gilashi ce mai mililita 300, ana cika ta a hankali har ta tumbatsa, kada ko kumfa ɗaya ya rage. A cikin kwale-kwalen ake zuba mililita 1 na manganis salfet da 1 na ruwan alkali mai ayodin, a toshe, a juya ta sama da ƙasa. Idan akwai oksijin, wani gari-gari mai ruwan ƙasa zai taso ya kwanta. Idan babu, fari fat zai fito kamar an dama alli, kuma a bakin manyan kwatoci farin muke gani tun ba mu koma ɗakin gwaji ba. Lokacin ɗiba ma yana da tasiri. Inda ruwa ya kwanta kuma gansakuka ta yi yawa, oksijin yakan yi sama da tsakar rana ya faɗi ƙasa da asuba, kifi kuma da asuba yake mutuwa. Ma'aikacin da kullum sai rana ta take yake zuwa ba zai taɓa ganin matsalar ba.

Sai ƙidayar kolifom. Hanyar da aka saba ita ce bututun gilashi 15, biyar-biyar a mililita 10, da 1, da 0.1, a dafa su a ruwa mai zafin digiri 44.5 na awa 24. Iyakar abin da jadawalin wannan tsari ke iya ƙirgawa 1,600 ne. To iyakar doka 2,500 ce, ruwan da ke ƙasan Kanpur ko Baranasi kuma da rani yakan kai dubun-dubata. Wanda bai tsarma samfur sau 100 ko 1,000 da dafaffen ruwa ba, duka bututunsa za su yi iska, ya rubuta “fiye da 1,600”, wanda bai gaya wa kowa komai ba. Zafin nan ma ba a wasa da shi. Idan wuta ta ɗauke tukunyar ta huce, wasu ƙwayoyin da ba na hanji ba su tsiro, lamba ta kumbura. BOD kuma a Indiya kwana 3 ake yi a digiri 27, ba kwana 5 a digiri 20 kamar a wasu ƙasashe ba, don haka a rubuta wanda aka bi.

Kafin kogin ya iso Kanpur, kogunan Ramganga da Kali sun zubo masa a wajen Kannauj ɗauke da dagwalon masana'antun takarda da sukari. A Kanpur kuma ga majemu kusan 400 a unguwar Jajmau. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yi, fata kuma ba ta shanye shi duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita da ruwa. Wanda ya san Challawa da Sharaɗa a Kano ya san wannan shuɗin ruwa da warinsa. Maganinsa sananne ne: a ware ruwan jima daban, a zuba magniziyam oksaid kuromiyam ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da asid a sake jima da ita. Inda ake samun matsala shi ne idan mai majema ya haɗe wannan ruwa da na jiƙo da na farar ƙasa don ya huta. Tsohuwar matatar Jajmau an tsara ta ne ta karɓi lita miliyan 36 a rana, 9 na majema a gauraya da 27 na masai, amma abin da ke zuwa ya fi haka yawa da kauri, kuromiyam da gishiri kuma suna kashe ƙananan halittun da matatar ta dogara da su. Samfurin ƙarfe a robar da aka wanke da asid ake ɗiba, a ɗiga asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. Amma idan nau'in kuromiyam mai lamba 6 ake nema, wanda shi ne mai haddasa ciwon daji, ba a sa asid, don zai juya shi zuwa ɗaya nau'in. A sanyaya, a gwada cikin awa 24. Kuma a riƙa zuwa da dare, don ba kowace masana'anta ke buɗe bututunta da rana ba. An samu ci gaba na gaske a garin: a 2018 aka tare kwatar Sisamau, wadda ta daɗe tana zuba kimanin lita miliyan 140 a kullum, aka karkata ta zuwa matata.

A Prayagraj Ganga ke haɗuwa da Yamuna, kuma daga kwale-kwale ana ganin layin da ya raba ruwan biyu, ɗaya fari-fari mai laka, ɗaya kore-kore. Nan aka yi babban taron wankan ibada na Kumbh daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu 2025, wanda gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta ce an yi wanka fiye da sau miliyan 660. Don taron akan ƙaro ruwa daga Tehri da Narora, a rufe majemun Kanpur kafin manyan ranakun wanka. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa hukuma ta san abubuwa biyu da ke gyara kogin. Duk da haka, a watan Fabrairun hukumar muhalli ta tarayya ta shaida wa kotun muhalli cewa kolifom ya haura iyaka a wurare da dama a lokacin taron. A irin wannan rana wanka da kansa yana ƙara lamba, gaskiya ne, amma na 'yan kwanaki ne, kwata kuwa ba ta hutu.

Baranasi, wadda ake kuma kira Banaras ko Kashi, tana inda kogin ya yi kwana ya nufi arewa, da matakalai fiye da 80 jere a gaɓar yamma. Ɗaya gaɓar yashi ne kawai, shi ya sa bambancin samfurin gaɓa da gaɓa ya fi fitowa a nan. A matakalan Manikarnika da Harishchandra ake ƙona gawa dare da rana, kowace tana cin itace kilo 300 zuwa 400. Talakan da kuɗinsa bai kai na itace ba, ba lalle gawarsa ta ƙone sarai ba, akwai kuma waɗanda al'ada ba ta ƙonawa, kamar ƙananan yara da masu zuhudu. An gina maƙonar lantarki a Harishchandra, an ma taɓa sakin kunkuru masu cin nama don wannan. Abin ba daɗin gani, amma a awo ba shi ne babba ba. Babban shi ne ƙoramu biyu da suka sa birnin a tsakiya, Assi daga kudu, Varuna daga arewa, waɗanda suka koma kwatoci. Assi tana shiga kogi ne sama kaɗan da Bhadaini, inda ake jan ruwan da ake tacewa a Bhelupur don shan gari. Yanzu ana tare ruwanta ana turawa matatar Ramana mai lita miliyan 50, amma da an yi ruwan sama mai ƙarfi sai ya tsallake shingen.

A Tulsi Ghat, kusa da wurin, Veer Bhadra Mishra ya zauna. Shi ne shugaban wurin bautar Sankat Mochan, kuma farfesan injiniyan ruwa ne a jami'ar Banaras. Kullum yana wanka a kogin, kullum kuma ɗakin gwajin gidauniyar da ya kafa a 1982 yana ƙirga ƙwayoyin da ke cikinsa, har ya rasu a 2013. Sukarsa ga shirin tsabtace Ganga da Firayim Minista Rajiv Gandhi ya ƙaddamar a 1986 har yau tana nan daram. An gina matatun da suka dogara kacokan da lantarki a garin da wuta ke ɗaukewa. Famfo ya tsaya, ruwan masai ya cika rami ya bi hanyar ko-ta-kwana zuwa kogi. Injin hura iska ya tsaya na 'yan awanni, halittun tanki su shaƙe, a ɗauki kwanaki kafin su farfaɗo. Matatun kuma BOD aka tsara su rage, ba a sa musu matakin kashe ƙwayoyin cuta ba, ga shi kuwa kogin na wanka ne da kurɓa. Shawararsa ita ce babban bututu mai bin gangara ba famfo, da jerin tafkuna inda rana da gansakuka za su yi aikin. Shirin Namami Gange na 2014, mai kasafin rupi biliyan 200, ya gyara wani abu guda mai muhimmanci: ɗan kwangila kashi 40 na kuɗin gini yake karɓa lokacin gini, sauran 60 a biya shi cikin shekara 15 gwargwadon ingancin ruwan da ke fita. Idan za ka duba matata, kada ka tsaya a kan takardar ofis. Duba littafin awannin famfo, da man janareta, da bakin bututun ko-ta-kwana ko a jiƙe yake.

A matatun ruwan sha kuwa, damina ce jarrabawa. Kusan kashi 80 na ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba yake wucewa, da lakar Himalaya mai yawan gaske. Adadin alam da ya yi aiki jiya ba zai yi yau ba, don haka ake jera kofuna 6 na lita ɗaya-ɗaya, a sa wa kowane adadi daban, a kaɗa da sauri minti 1, a hankali minti 20, a bari ya kwanta rabin awa, a zaɓi mafi ƙarancin da ya tsarkake ruwan. Alam da ya yi yawa yana saukar da pH, curin laka ya ƙi haɗuwa, matatar yashi ta toshe. Da rani matsalar ta koma amoniya daga ruwan masai, wadda kowane miligiram ɗinta ke cinye kulorin miligiram 8 zuwa 10 kafin a sami ragowar da ke kisa. Ragowar nan ana son ta kai aƙalla miligiram 0.2 a lita a famfon gidan ƙarshe, ba a bakin matata ba. Kuma tunda ba a ba da ruwa awa 24, duk lokacin da bututu ya zama wayam yakan zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage. Mun sha auna ruwan da ya bar matata lafiya ya isa lungu da kolifom.

Za ka ji ana cewa ruwan Ganga ba ya ruɓewa, yana tsarkake kansa. Maganar tana da tushe. A 1896 wani masanin ƙwayoyin cuta, Ernest Hankin, ya rubuta cewa ruwan Ganga da Yamuna na kashe ƙwayar kwalara, kuma da an tafasa shi wannan ƙarfi ya tafi. Wasu masana na danganta abin da ƙananan ƙwayoyin da ke cin bakteriya. A Rishikesh ruwan sanyi ne, mai gudu a kan duwatsu, cike da oksijin, dattinsa kaɗan, don haka in an rufe shi a tulu ba abin da zai ruɓa. Kowane kogi mai gudu yana da irin wannan ƙarfi, kuma yana da iyaka. Ruwan da aka ɗiba a ƙasan Varuna da rani ba shi da wannan hali, wanda kuma zai ɗiga shi a bakin jariri ko majinyaci ya tafasa shi tukuna.

Daga Baranasi zuwa gaba kogin yana samun sauƙi, don Ghaghara da Gandak da Kosi na kawo masa ruwa mai yawa daga Nepal. Rigimar can ta rabo ce. A 1975 Indiya ta buɗe madatsar Farakka don karkata ruwa zuwa kogin Hooghly, saboda tashar jiragen Kolkata da ruwan shan birnin, Bangaladash kuma ta ga nata kason ya ragu da rani. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ranar 12 ga Disamba 1996 ta tsara rabo na kwana goma-goma daga Janairu zuwa Mayu, kuma ta shekara 30 ce. A wannan yanki ne kuma aka taɓa cewa mutane su bar ruwan kogi da tafki su koma rijiyar burtsatse don gudun kwalara da gudawa. Mace-macen yara sun ragu, amma lakar da kogin ya shimfiɗa tun dubban shekaru tana ɗauke da arsenik, gubar da ba ta da launi ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta cire ta. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 10 ce a lita, kuma rijiyoyi da yawa marasa zurfi a Bihar da Bengal ta Yamma da Bangaladash sun ninka ta. Rijiya biyu da ke tsakar gida ɗaya suna iya bambanta, don haka kowace sai an gwada ta ita kaɗai, bayan an buga famfo na wasu mintuna don tsohon ruwan bututu ya fita. A Bangaladash wadda ta tsallake gwaji ana shafa wa bakin famfonta koren fenti, wadda ta faɗi a shafa mata ja, a bar ta don wanki.